Inda hannu biyu ya koma ɗaya, wa zai fara shiga?

Wani matashin direba daga Gusau ya aiko da wannan tambaya: "Malam, ina jan Sharon ta haya tsakanin Gusau da Funtuwa. Duk inda ake aikin titi aka toshe hannu ɗaya, tun daga nesa nake komawa hannun da zai wuce in bi sahu. Sai in ga wasu sun bi hannun da aka toshe sun wuce mu fuu, sun je can bakin shinge suna roƙon a ba su hanya. Ni kam ba na bayarwa, wani lokaci ma nakan karkato da mota in tare su. Wasu fasinjoji su yaba mini, wasu su ce na cika zafin kai. Wa ke da gaskiya?"

Ƙanena, sannu da aiki, Allah ya tsare hanya. Na san zafin da kake ji. Mutum ya yi minti ashirin yana taka kuloci har ƙafa ta yi tsami, sai wani ya zo daga baya ya wuce shi kamar shi kaɗai ke da uzuri. Na yi shekaru a aikin hanya kafin in koma koyar da tuƙi, kuma da farko ra'ayina irin naka ne sak. Abin da ya sauya mini tunani shi ne tsayuwa a bakin wurin aiki da agogo a hannu ina ƙirga motoci. Amsata ba za ta yi maka daɗi duka ba. Idan motoci sun riga sun cushe suna jan ciki, wanda ya bi hannun da za a rufe har bakin shinge sannan ya nemi shiga bai yi laifi ba, kai da ka tare shi ne ka ƙara wa jama'a wahala. Amma cikin masu wuce ka akwai wasu da laifinsu ya fi ƙarfin a kira shi rashin ladabi, kuma dole a ware su daban.

Ka dubi mazurarin masu sayar da fetur a bakin titi. Komai faɗin bakinsa, man da zai sauka cikin tanki gwargwadon maƙogwaronsa ne. Haka wurin da hannu biyu ya koma ɗaya yake. Hannu ɗaya na titi mai kyau, idan ƙananan motoci na bin juna ba tsayawa, yana wucar da kamar mota ɗaya a kowane sakan biyu, wato 30 a minti, 1,800 a awa. Kusan iyakarsa ke nan, kuma a titi mai ramuka da tireloli ba ya ma kai haka. To a ce mota 40 ke isowa a minti, 30 ke wucewa. Kowane minti guda, goma sun rage a baya. Cikin minti goma an tara mota 100. Ladabi ba zai ɓatar da motocin nan ɗari ba, rashin kunya ma ba zai ɓatar da su ba. Abu biyu kawai ya rage a hannun direbobi: ina za a jera su, da yadda za a riƙa shiga maƙogwaron ba tare da an tsaya cik ba.

Mota da ɗan ratar da ke gabanta tana cin kamar mita bakwai. Mota ɗari a hannu ɗaya mita 700 ke nan, a hannu biyu kuwa 350. A fili tsakanin Kwatarkwashi da Tsafe wannan bambancin ba lallai ya dami kowa ba. Amma kawo shi cikin Gusau, kusa da shataletalen Lalan. Da zarar wutsiyar layi ta kai shataletalen, ta kulle masu shiga gari da masu fita, da mai zuwa asibiti, da mai kai yara makaranta, mutanen da hanyarsu ba ta ma bi ta wurin aikin ba. Ga kuma rabin kwalta can a kwance ba kowa, alhali don a taka ta aka shimfiɗa ta.

Akwai wani abin da masu komawa sahu da wuri ba su lura da shi ba, kuma shi ne ya fi muhimmanci a wurina. Mutumin da ya wuce ka fuu, wa ya share masa filin? Ku ne. Da kuka tattara kuka koma hannu ɗaya, kun bar masa mita ɗari bakwai fayau. Da hannu biyun a cike suke, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, babu mai iya wuce wani, domin babu ta inda zai bi. Wanda ya iso ƙarfe huɗu zai shiga tare da wanda ya iso ƙarfe huɗu, ko a dama yake ko a hagu. Adalcin da kake nema da karkato mota, cika hannu biyun ne ke kawo shi ba tare da faɗa ba.

Yadda ake yi kuwa kamar tufkar igiya ne, zare daga nan, zare daga can. A ƙasashen waje da zif ɗin riga suke kwatanta shi, haƙori ɗaya daga dama, ɗaya daga hagu. Kowa ya tsaya a hannunsa har inda shinge ya fara, a nan mota ɗaya ta hannun da ke wucewa ta shige, ɗaya ta hannun da aka rufe ta bi bayanta, haka har a ƙare. A Jamus doka ce, kuma tun 2001 dokar ta fayyace cewa dab da inda hanya ta tsuke ake haɗewa, ba can baya ba. Beljiyam ta mai da shi dole a 2014, Poland a ƙarshen 2019. A Amurka, ma'aikatar sufuri ta jihar Minnesota ta daɗe tana wayar da kan direbobi a kai, kuma ta ce yana iya rage tsawon layi da kusan kashi 40 cikin ɗari. A Ingila littafin ƙa'idojin hanya ya ba da shawarar a yi shi, amma da sharaɗin motoci na tafiya a hankali ƙwarai.

Wannan sharaɗin ka riƙe shi da kyau, domin nan ne naka ra'ayin yake da gaskiya. Idan hanya a sake take, kana kan kilomita 80 a awa, wanda shi ne iyakar gudun motar haya a babbar hanya irin taku, kana cin kusan mita 22 a kowane sakan. A irin wannan gudun babu maganar zuwa bakin shinge. Da ka hango alama, ka duba madubi, ka kunna sigina, ka koma tun akwai wadatar rata. Wanda ya kai bakin durom da gudu sannan ya fizgo sitiyari, ko ya kashe kansa ko ya kashe ma'aikacin da ke tsaye a wurin. Saboda haka komawa da wuri daidai ne idan ana gudu. Idan an koma giya ɗaya da biyu, ana tafiya ana tsayawa, sai a cika hannu biyu a yi ɗaya bayan ɗaya. Kuskuren da yawancinmu muke yi shi ne ɗaukar ladabin lokacin gudu mu kai shi lokacin cunkoso.

Kada in yi maka alkawarin da ba haka ba: tufkar nan ba ta faɗaɗa maƙogwaro. Abin da take yi shi ne hana shi ƙara tsukewa. Kuma yana tsukewa, duk sanda aka tsaya cik. Motar da ke gangarawa a hankali ba ta ɓata lokaci, amma wadda ta tsaya sai direba ya sa giya, ya saki kuloci, ya taka totur, na bayansa ya jira ya ga ya motsa sannan shi ma ya fara. Idan tirela ce ɗauke da siminti ko buhunan masara, tashinta kaɗai ya cinye lokacin ƙananan motoci da yawa. Kowace gardama a bakin shinge, kowane "wallahi ba za ka shiga ba", tsayawa ce, kuma duk wanda ke baya sai ya biya kuɗinta.

An gwada wannan a Japan. A 2008 wani masani mai suna Yuki Sugiyama da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon wani gwaji: mota 22 a kan da'ira mai tsawon mita 230, aka ce kowa ya riƙe kilomita 30 a awa. Babu shinge, babu rami, babu mahaɗa. Ba a jima ba wani ya ɗan matse wa na gabansa ya taɓa burki, na bayansa ya taka fiye da shi, na bayan wancan ya ƙara, har wasu suka tsaya cik. Cunkoson kuma ya riƙa tafiya da baya, kamar kilomita 20 a awa, yana cin waɗanda ba su san abin da ya faru ba. Idan taɓa burki ɗaya zai haifi wannan a fili, ka auna abin da karkato Sharon tsakiyar titi ke haifarwa. Ba ka ganinsa, domin a bayanka yake faruwa.

Yanzu ga waɗanda na ce a ware su. Akwai mai sauka daga kwalta ya bi ƙasa ta gefe yana tayar da ƙura, ya ƙirƙiro hannu na uku, wani ya bi ta bayansa ya yi na huɗu. Akwai kuma wanda ya fi shi, mai tsallakawa hannun masu zuwa, abin da kuke kira wanwe. Waɗannan ba hannun da za a rufe suka bi ba, hannun da babu shi suka bi. Tufka da zare biyu ake yin ta. Da zarar an zama huɗu a bakin ƙofa ɗaya, babu wanda ya san bayan wa zai shiga, sai mai ƙarfin hali da mai tsohuwar mota da ba ya tsoron gogewa. Gefen titi kuma shi ne wurin mai tafiya a ƙasa, da mai tura baro, da motar da ta lalace, da motar asibiti idan ta taso.

Na taɓa ganin ƙarshen wannan wata ranar Talata da damina, ana cin kasuwar Mafara. Ruwa ya cinye rabin wani kwalbati, mota ɗaya kaɗai ke iya bi. Da farko ana yi lafiya, biyar daga nan, biyar daga can. Sai wani ya fito daga layi ya bi hannun masu zuwa, wasu suka bi shi. Mutanen ɗaya ɓangaren da suka ga haka su ma suka cika nasu faɗin. Aka wayi gari motoci sun yi gaba da gaba, hanci da hanci, duk wanda ya haye kwalbatin babu inda zai sa kansa. Irin wannan ƙullin ba ya kwancewa daga gaba. Sai da muka taka har wutsiyar layi muna roƙon mutane su ja da baya ɗaya bayan ɗaya, kusan awa uku. Akwai tirelar shanu a ciki, rana ta buɗe bayan ruwa, ina ji ina gani dabbobi suka fara durƙushewa, mai su yana hawaye. Mutumin da ya fara fita daga layin bai tsira da ko minti ɗaya ba, tare da mu ya yini.

A irin wurin nan, inda masu zuwa da masu tafiya ke rabon hannu ɗaya, ba a yin ɗaya bayan ɗaya. Rukuni ake saki, goma ko ashirin daga nan, sannan a tsayar a saki na can, domin kowane sauyi yana cin lokaci. Wannan ya shafe ka kai tsaye yanzu da ake aikin mai da hanyar Zariya zuwa Funtuwa, Gusau da Sakkwato tagwaye, inda sau da yawa ake karkatar da kowa zuwa ɓangare guda. Idan an mai da ku ɓangare guda, ka manta da cewa titin tagwaye ne, kada ka yi obatekin sai ka ga gabanka sarai.

Ta fuskar doka, abin da muke koya wa duk mai neman lasin shi ne, wanda zai bar hannunsa ya shiga na wani, nauyin duba madubi da kunna sigina da jiran rata yana wuyansa. Sigina roƙo ce, ba umarni ba. Don haka mai shigowa ba shi da ikon cusa maka hanci da ƙarfi. Amma kai ma ba a ba ka ikon hawa kan layin tsakiya ka tare hannu biyu ba. Toshe hanya laifi ne a takardar laifuffukan Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, kamar yadda bin hannun da ba naka ba da tuƙin ganganci suke laifi. Hukunta mai laifi aikinsu ne da 'yan sanda da 'yan ZAROTA, wato hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Zamfara, ba aikin direba mai ɗauke da rayukan mutane ba. Kuma ka tuna, ba ka san wa ke cikin motar da ka tare ba. Cikin haƙƙoƙin hanya da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa akwai kame cuta daga mutane, kuma ban ga yadda tare titi da gangan zai fita daga cuta ba, ko da niyyar gyara aka yi shi.

Manyan motoci suna da nasu hukunci. Tun 2 ga Afrilu 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, direba a hagu yake zama. Ma'anarsa, direban tirela ko tanka ba ya ganin abin da ke manne da gefensa na dama da ƙasan hancinsa. Idan ba ka ga fuskarsa a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba. Sannan idan ta karya kwana, ƙafafun baya ba sa bin sawun na gaba, ciki suke yankowa. Mota nawa aka matse a jikin durom saboda direba ya ga kan tirela ya wuce ya ɗauka an ba shi wuri? Idan tirela ce a gefenka a bakin shinge, ka bar ta ta shige gaba ɗaya ko da kai ne da layi, kuma ka yi ƙoƙari kada ka sa ta tsaya. 'Yan kabu-kabu da masu Keke Napep kuwa duk ratar da ka bari za su cika ta, ka sa wannan a lissafinka, ka duba madubin dama sau biyu kafin ka motsa.

Ba zan ɗora wa direbobi laifin duka ba. A ƙa'idar aikin hanya, ba a rufe hannu farat ɗaya. Ana jera alamu tun daga nesa, sannan a jera mazugai, wato robobin nan masu tsini da ake tare hanya da su, a karkace su riƙa tura mota sannu a hankali. A lissafin da injiniyoyin Amurka ke bi, hannu mai faɗin mita 3.6 a hanyar da ake kilomita 80 yana buƙatar wannan karkacewar ta kai kimanin mita 180. Mu kuwa sau da yawa abin da direba ke tararwa tulin ƙasa ne, ko durom biyu da reshen itace, babu fitila babu abin da ke ƙyalli da dare. Wanda bai san hanya ba sai ya iso baki yake gane an rufe. Cikin waɗanda kake tarewa akwai baƙi irin waɗannan, ba wayo suka yi maka ba.

Akwai kuma abin da duk mai bin hanyar Tsafe ya sani ba sai an faɗa ba. Babu direban da ke son la'asar sakaliya ta same shi tsaye a daji, fasinja ma hankalinsu a tashe yake, suna ta "direba yi sauri". Wannan tsoron gaskiya ne, kuma shi ke sa mutanen kirki su yi abin da ba halinsu ba a bakin shingen jami'an tsaro. Amma ka duba lissafin mazurari: idan kowa ya yi rububi, lokacin da za ku daɗe a wurin ƙaruwa yake yi. A shinge ma jami'i mota ɗaya yake dubawa a lokaci guda, don haka abin da zai taimaka shi ne ka iso da gilashi a sauke, fitilar ciki a kunne idan duhu ya yi, takardu a kusa.

Gobe idan ka tarar da irin wurin, ka fara duba gudun da ake yi. Idan ana jan ciki, ka zauna a hannun da kake, ko wanne ne. In kana hannun da za a rufe, kada ka yi gudu don ka ga fili, ka tafi daidai da na gefenka ko ka ɗara su kaɗan, sigina a kunne tun kafin baki, ka nemi idon direban da za ka shiga gabansa, ka ɗaga masa hannu. In kana hannun da ke wucewa, tun saura mota uku ko huɗu ka ɗaga ƙafa daga totur ka buɗe ratar mota ɗaya, domin ya shiga kuna tafiya, ba sai kun tsaya ba. Mota ɗaya ake bin ka, ba biyu ba. Idan na bayansa ya manne masa ya cuso kai, ka ƙyale shi, sakan biyu ya ci maka. Gogar fenti kuwa sai ta cinye maka yini a ofishin 'yan sanda da kuɗin balas na kwana biyu, wato abin da ake kai wa mai mota, ga fasinja a zube a titi.

Fasinjan da ya ce ka cika sanyi, ka gaya masa kana ba ɗaya ne don na gaba ma ya ba ka. Kuma ka kai maganar tasha. Ku da kuke bin hanyar nan kullum kun san juna, kun san motocin juna, shugabannin ƙungiyarku suna da bakin da ake ji. Na sha gani da idona, mutum ɗaya tak ya sauka ya tsaya a bakin shinge yana nuni da hannu, kai shiga, kai jira, kai shiga, layin da ya yi rabin awa bai motsa ba ya fara tafiya.